Ɗinkin ado a kan takarda: me ya sa katina yake yagewa?

Sabuwar Ɗaliba:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na shigo da tambaya ne, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan sana'a su yi haƙuri da tsawon bayanina. Makonni uku ke nan da na fara gwada ɗinkin ado a kan kati, kuma kati huɗu na lalata a jere. Na ƙarshen shi ya fi ba ni takaici, domin na zana fure mai da'ira a tsakiya, na huda ramuka 36 a kewayen da'irar, na yi fiye da rabin aikin, sai da na ja zaren na ashirin da wani abu kawai na ga tsakiyar furen ta ɓalle gaba ɗaya ta biyo allurar, kamar yadda ake ɓalle kan sarki daga cikin 'yan'uwansa. Shin laifin takardar ne, ko zaren, ko hannuna ne ya yi nauyi?

Mai Haɗa Littafi:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin a ɗora wa hannunki laifi, ki gaya mana abu biyu: faɗin da'irar da kika huda, da kuma irin takardar da kika yi amfani da ita.

Sabuwar Ɗaliba:
Faɗin da'irar bai wuce santimita 2 ba, Malam. Takardar kuwa irin wadda ake buga rubutu da ita ce a ofis, sai na ninka ta biyu domin ta yi kauri.

Malamin Lissafi:
To ai kin ba da amsar da kanki, Malama, har da misalin kan sarki da kika kawo. Da'irar da faɗinta ya kai santimita 2, kewayenta santimita 6 ne da 'yan kai, idan kuma aka raba wannan gida 36, tsakanin rami da rami bai kai milimita 2 ba. Shi kansa ramin yana cin kusan milimita guda, saboda haka abin da ya rage na takarda tsakanin ramuka biyu bai fi kaurin farce ba. Haka masu buga kan sarki suke jera ramuka da gangan domin takarda ta ɓalle cikin sauƙi, ke kuma kin yi musu aikinsu ba tare da kin sani ba. Da kin faɗaɗa da'irar zuwa santimita 6, da tazarar ta kai milimita 5, wadda take riƙe zare lafiya lau. Idan kuwa dole sai ƙaramar da'ira kike so, ki rage ramukan zuwa 12.

Mai Haɗa Littafi:
Lissafin Malam daidai ne, ni kuma bari in ɗora da maganar takarda, domin nan ne na fi daɗewa. Ana auna nauyin takarda da giram a kowace murabba'in mita. Ta ofis giram 80 ce, kuma ninka ta biyu ba ya mayar da ita kati, domin falle biyun suna zamewa a kan juna, kowanne yana yagewa shi kaɗai. Abin da ake so shi ne kati mai nauyin giram 200 zuwa 300. Mafi kyau a hannuna ita ce takardar zanen fentin ruwa mai giram 300, musamman wadda aka yi da auduga, saboda zaruruwan cikinta dogaye ne, suna riƙe da juna, idan allura ta shiga sai su buɗe mata hanya maimakon su karye. Kati mai sheƙi kuwa, irin na buga hoto, fuskarsa tana tsagewa a bakin rami sai farin ciki ya bayyana, kuma babu abin da zai ɓoye wannan.

Akwai wani abu da yawancin masu farawa ba su lura da shi ba, wato takardar da inji ya yi tana da hanyar da zaruruwanta suka kwanta. Ki ɗauki kati ki ɗan lanƙwasa shi a tsaye, sannan ki lanƙwasa shi a kwance, za ki ji ɗaya ya fi laushi. Wannan mai laushin shi ne hanyar zaren takardar. Idan kati mai ninki za ki yi, ki sa ninkin ya bi wannan hanya, in ba haka ba gadon ninkin zai fashe. Haka kuma jerin ramukan da ya bi hanyar zaren takardar ya fi saurin tsagewa fiye da wanda ya gitta ta, don haka a can ake ƙara tazara.

Mai Surfani:
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba ko da zai ɓata wa wasu rai. Shekara ashirin da biyu ina ɗinkin ado a kan yadi, kuma ban taɓa gane dalilin da zai sa mutum ya ɓata zare mai kyau a kan takarda ba. A kan yadi, hannu ne yake yanke hukunci a kowace sukar allura, inda za ta shiga da inda za ta fita, da yadda zare zai kwanta kusa da ɗan'uwansa. Ku kuwa kun riga kun huda ramukan, abin da ya rage shi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yaro mai haɗa ɗigo da ɗigo a littafin makaranta. Ina gwanintar take? Sannan aikin ba ya wankuwa, ba ya sawuwa a jiki, ruwa kaɗan ya taɓa shi ya gama yawo. Shawarata ga ƙanwata mai tambaya ita ce ta nemi yadi da ƙawanya, wato zoben da ake ɗaure yadi a ciki ya miƙe, ta koyi ɗinki na gaske.

Uwar Biyu:
Haba Yaya, wannan hukuncin ya yi tsauri. Ni dukansu biyun nake yi, kuma na fi jin tsoron takarda. A kan yadi idan na yi kuskure, sai in zare zaren in murza wurin da farce, saƙar ta koma yadda take, babu wanda zai san an taɓa suka. A kan kati kuwa ramin da aka huda ya hudu har abada. Hukuncin da kike cewa hannu yana yankewa a kowace suka, mu ma muna yanke shi, sai dai muna yanke shi tun kafin zare ya shiga allura, duka a zama ɗaya, kuma babu damar janyewa. Gwanintar ba ta ɓace ba, wurin zamanta ne ya sauya, ta bar ɗinkin ta koma hudar.

Mai Surfani:
Na ji wannan, amma idan wani ne ya tsara miki taswirar ramukan, kika sauke ta daga intanet kika buga, wane hukunci kika yanke?

Uwar Biyu:
Irin wanda mai ɗinki a yadi take yankewa idan ta sayi zanen da aka riga aka buga a kan yadin, Yaya. Kwaikwayo yana nan a kowane ɓangare, ƙirƙira ma haka.

Tsohuwar Malamar Yara:
'Ya'yana, ku ba ni dama in sa baki, domin maganar haɗa ɗigo da ɗigo da aka yi da sigar raini tana da tarihi mai tsawo, kuma ba abin kunya ba ne. Friedrich Fröbel, malamin nan na ƙasar Jamus da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan lambun yara a 1840, ya sa huda takarda da ɗinke kati cikin ayyukan hannun da yake ba yara, domin ido da yatsu su koyi tafiya tare kafin a kai ga alƙalami. Daga baya wasu malamai sun soki abin, suna cewa ramukan sun yi ƙanƙanta ga idon yaro, shi ya sa aka koma ga manyan katuna masu manyan ramuka da igiya mai kauri.

Manya ma sun yi nasu. A ƙarni na 19, a Ingila da Amurka, ana sayar da takarda mai kauri wadda inji ya riga ya jera mata ramuka layi-layi, mata suna ɗinka mata haruffa da furanni da zaren ulu ko na siliki. Da ita ake yin alamar shafin littafi, da kuma rubutun addu'a ko na maraba da ake sa wa firam a rataye a bango, abin da ya yi tashe sosai a shekarun 1870 da 1880. Wasu har takarda mai ƙyalli suke shimfiɗawa a baya domin ta riƙa leƙowa ta ramukan da ba a ɗinke ba. Da yawa daga cikinsu suna nan har yau, sun haura shekara ɗari, don haka batun cewa ba ya ƙarko ya danganta da inda aka ajiye shi. Har yanzu ana sayar da irin wannan takarda, wadda aka fi samu ita ce mai ramuka 14 a kowane inci.

Mai Surfani:
Na karɓi gyara a kan tarihin, Mama. Amma har yanzu ban ga abin da takarda take iyawa wanda yadi ba ya iyawa ba.

Malamin Lissafi:
Wannan tambayar tawa ce, Hajiya, kuma amsarta ita ce doguwar miƙaƙƙiyar suka. Idan kika ja zare tsawon santimita 8 a kan yadi ba tare da kin ɗaure shi a tsakiya ba, da zarar an cire ƙawanya yadin zai saki, zaren ya yi lako-lako ko ya tattare yadin. Kati kuwa yana tsaye da ƙarfinsa, yana riƙe zaren a miƙe kamar tsirkiyar baka. Daga nan ne wani salo guda ya fito wanda takarda ce gidansa.

Mary Everest Boole, wadda ta rayu daga 1832 zuwa 1916, matar masanin lissafin nan George Boole, ita ce ta shahara da koya wa yara wannan dabara a Ingila. Ki ja layi biyu da suka haɗu a kusurwa kamar harafin L, ki huda ramuka goma a kan kowanne da tazara ɗaya. Ki haɗa ramin da ya fi nisa da kusurwa a layin tsaye da wanda ya fi kusa da kusurwa a layin kwance, sannan ki sauko mataki ɗaya a wancan, ki matsa mataki ɗaya a wannan, haka har ki gama. Babu zare ko ɗaya da ya lanƙwasa, kowanne a miƙe yake sambal, amma idan kika ɗaga katin za ki ga lanƙwasasshen layi ya fito da kansa a inda zaruruwan suka gitta juna, wanda masana lissafi suke kira farabola. Na fi shekara goma ina nuna wa ɗalibai wannan, kuma ban taɓa yin ajin da ba a samu wanda ya juya katin yana neman inda na ɓoye lanƙwasar ba.

A da'ira ma haka ne. Mai tambaya ta koma ga ramukanta 36, a kan da'irar santimita 6 wannan karon. Ki fito ta rami na 1 ki shiga na 12, ta baya ki fito ta maƙwabcinsa na 13 ki dawo ki shiga na 2, ki fito ta na 3 ki shiga na 14. Ta haka dogon zare yana kwanciya a fuska ne kawai, bayan katin kuwa gajerun tsallake ne, ba a ɓarnatar da zare. Idan kin kewayo, kowane rami zai ɗauki zare biyu, kuma wata da'ira za ta bayyana a tsakiya ba tare da an huda mata ko rami ɗaya ba. Gwargwadon yawan ramukan da kike tsallakewa, gwargwadon ƙanƙantar ta tsakiyar, muddin tsallaken bai wuce rabin da'irar ba. Idan kuma kika haɗa kowane rami da ninkin lambarsa, wato 2 da 4, 3 da 6, 4 da 8, kina ci gaba da ƙirga kina zagayowa idan kin wuce 36, siffa mai kama da zuciya ce za ta fito.

Sabuwar Ɗaliba:
Allah ya saka da alheri, Malam, na rubuta wannan a littafina. Amma ina so a koma kan hudar kanta, domin ni da allurar ɗinkin nake hudawa ina riƙe da katin a hannu, kuma katin yana lanƙwashewa a wurin.

Uwar Biyu:
Wannan ma yana cikin abin da ya ci katunanki, ƙanwata. Ba a huda kati a iska. Ki shimfiɗa shi a kan abu mai laushi amma mai jiki, kamar soso mai tauri ko tawul da aka ninka sau huɗu, ki ɗora takardar zanen, wato wadda kika zana ɗigon ramukan a kai, a samansa ki maƙale ta da ɗan salatif na takarda a gefe domin kada ta gusa. Ki soka daga fuska zuwa baya, allurar tana tsaye cak ba a karkace ba, saboda duk rami yana tura ɗan tudu zuwa ɓangaren da allura ta fita, kuma gara tudun ya kasance a baya. Idan babu tsinken huda na musamman, ki cusa gindin allura cikin toshiyar kwalba ko cikin magogin fensir, kin sami mariƙi ke nan. Kafin ki cire takardar zanen, ki ɗaga su tare ki duba a hasken taga, duk ɗigon da bai haska ba kin tsallake shi, kuma mayar da zanen daidai inda yake bayan an cire abu ne mai wuya.

Allura biyu ake amfani da su. Mai tsini ta huda, sannan mai dakusasshen baki ta ɗinka, irin mai lamba 24 ko 26, wadda take bin ramin da yake akwai ba ta buɗe sabo a gefensa. A irin waɗannan allurai, girman lamba yana nufin sirantar allura. Ki tabbata kafar allurar da zaren a cikinta tana wucewa ta ramin ba tare da kin fizga ba, in tana tirjewa to ramin zai faɗaɗa ya yi baki.

Mai Surfani:
Tunda dai an ƙi bin shawarata, bari in taimaka da abin da na sani, domin zare dai zare ne ko a kan me aka ɗora shi. Zaren ado na auduga, irin na kamfanin DMC da makamantansa, yana zuwa da sili shida a murɗe tare, kuma ba a sa shi duka a allura. Ki yanko abin da bai wuce tsawon kamu ɗaya ba, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, ki zaro sili ɗaya-ɗaya sannan ki haɗa biyu, ta haka suke kwanciya sumul. Bakin ramin takarda yana da kaifi fiye da saƙar yadi, yana kankare zare a kowace wucewa, shi ya sa dogon zare zai yi gashi kafin ki kai ƙarshensa. Zare mai ƙyalli na ƙarfe ya fi kowanne saurin tsinkewa, shi sai a ƙara gajarta shi. Lokaci zuwa lokaci ki saki allurar ta yi lilo domin murɗin ya warware.

Amma ina da tambaya ta gaskiya, ba ta gardama ba. Ɗinkin cikewa, wanda ake jera zare kafaɗa da kafaɗa har ganye ya cika, yaya kuke yi da shi?

Uwar Biyu:
A nan kam kin kama mu, Yaya. Ɗinkin cikewa na sosai ba ya yiwuwa a kan kati, domin yana buƙatar ramuka manne da juna, kuma mun ga abin da hakan ya yi wa furen ƙanwarmu. Abin da ake yi shi ne a karkasa ramukan gefen, ɗaya a ciki ɗaya a waje, ko a fito da zaruruwa da yawa daga babban rami guda a gindin ganye su bazu zuwa gefensa kamar mafici. Ɗinkin komawa baya yana tafiya daidai, ɗinkin sarƙa ma haka idan ba a matse shi ba. Ƙullin Faransa, wato ɗan ƙullin ado da ake yi ta naɗa zare a jikin allura, yana son rami biyu kusa da juna, a fito ta ɗaya a koma ta ɗayan, ko kuma rami ɗaya siriri ƙwarai, in ba haka ba ƙullin ya sulale ya faɗa baya. Ni a ganina wanda ya nace sai ya cika kowane fili da zare bai fahimci kayan aikinsa ba, domin farin katin da yake leƙowa tsakanin zaruruwa rabin adon ne.

Mai Keken Ɗinki:
Ga masu son gwadawa da keke, yana yiwuwa, sai dai a tsawaita sukar zuwa milimita 3 ko 4, a taka a hankali, kada kuma a koma baya domin ɗaure ɗinki kamar yadda ake yi a yadi, saboda sukar wuri ɗaya sau biyu yanka ce. Takarda tana dakusar da allura da wuri, don haka a ware mata allurarta daban. Akwai masu cire zaren gaba ɗaya su bar keken ya yi musu hudar kawai, sannan su ɗinka da hannu, kuma tazarar tana fitowa daidai fiye da ta ido.

Sabuwar Ɗaliba:
Saura abu ɗaya. Ina ƙulla bakin zaren ne a baya, amma ƙullin wani lokaci yana fitowa ta ramin, wani lokaci kuma yana yin tudu a fuskar katin.

Mai Haɗa Littafi:
Ki daina ƙulli kwata-kwata. Ki bar wutsiyar zare kamar santimita 2 a baya ki danne ta da ɗan salatif, nesa da ramukan da ba ki kai gare su ba tukuna, kada allura ta bi ta cikin danƙo ta kwaso shi. Sai dai ina da ja a kan salatif mai sheƙi na yau da kullum, domin na buɗe tsofaffin littattafai da yawa da aka yi wa gyara da shi, danƙonsa ya zama ruwan ƙasa ya ratsa takardar har ya fito ta ɗaya fuskar, ledar kuma ta bushe ta faɗi. Ga katin gaisuwa da za a ajiye 'yan watanni babu damuwa. Ga aikin da za a sa a firam kuwa, a nemi salatif na takarda marar asid, ko a cusa wutsiyar ƙarƙashin zaruruwan baya kamar yadda Hajiya take yi a yadi. Idan an gama, a manna wani falle a baya ya rufe tarkacen, a shafa gam a gefuna kawai, domin gam mai ruwa yana sa kati ya kumbura, yana kuma iya ɓullowa ta ramuka ya ɓata zaren. A firam ɗin ma a sa kwali mai taga tsakanin aikin da gilashi domin kada gilashin ya danne zaren, a kuma rataye shi inda rana ba ta dukansa.

Katin da ya yage kuma kada ki yar tukuna. Idan tsaga ce tsakanin rami biyu ko uku, ki manna siririyar takarda mai dogon zare a baya, irin ta Japan da masu gyaran littafi suke amfani da ita, ki danne da littafi mai nauyi har ta bushe, sannan ki sake huda ramin ta cikinta. Wanda tsakiyarsa ta ɓalle ɗungurungum dai gyaransa da wuya, sai dai ki daidaita bakin ramin da almakashi ki manna kati mai wani launi a baya ya zama tsakiyar furen.

Mai Surfani:
Ina da ragowar takardar fentin ruwa da 'yata ta bari. Malamin Lissafi, wancan aikin na harafin L, ramuka goma ka ce a kowane layi, amma tazarar nawa zan ba su, kuma da sili nawa zan ɗinka?

Malamin Lissafi:
Milimita 5 ta isa, Hajiya, da sili ɗaya tak, domin siririn zare ne yake fito da lanƙwasar sarai. Kada ki huda rami a kan kusurwar kanta, ki fara ƙirga daga milimita 5 bayanta a kowane layi.

Sabuwar Ɗaliba:
Na sake zana furen a kan kati mai giram 250, da'irar santimita 6, na huda a kan tawul, na duba a taga na tarar da ramuka biyu da na tsallake na cike su. Yanzu ina kan rami na 19 kuma babu inda ya motsa, sai dai na lura idan na ja zaren da ɗan ƙarfi katin yana ɗan lanƙwasowa ta tsakiya, don haka na sassauta hannu. Zan ɗora hoton idan na kewayo.